Baki Ya Iya, Alƙalami Ya Kasa: Ɗaliban Bauchi da Darasin Kafa Hujja

Duk shekara, ranar da aka sa za a rubuta Turanci a jarrabawar WAEC, ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare a Bauchi yakan buɗe takarda ya tarar an jera masa batutuwa biyar, an ce ya zaɓi guda ya rubuta abin da bai gaza kalma 450 ba, cikin kimanin minti 50. Akwai wasiƙa, akwai labarin da ake so ya dace da wata karin magana, akwai maƙala ta jarida. Sau da yawa kuma akwai muhawara: a ɗauka kai ne jagoran masu magana a gasar makarantarku, ga batu, ka goyi baya ko ka soka. Duk malamin Turancin da ya daɗe a aji ya san inda yara ke tururuwa. Wasiƙa da labari suke bi, don su ake iya haddacewa tun daga gida, a ɗan sauya sunaye a juye. Wanda ya yi ƙarfin halin taɓa muhawara kuwa, galibi layi shida na farko gaisuwa ce ga shugaban taro da alƙalai da mai kula da lokaci, sauran kuma magana ɗaya ce ake ta juyawa kamar waina a tanda har shafi ya cika.

Amma wannan yaron da alƙalami ya ƙi yi wa biyayya, same shi da daddare a teburin mai shayi a Wunti ko Yelwa, ana gardamar abin da ke damun Wikki Tourists, ko wa ya fi wani tsakanin Messi da Ronaldo. Zai kawo maka shekara, ya kawo yawan ƙwallaye, ya riga ka faɗin abin da za ka kare kanka da shi, ya rushe shi tun ba ka buɗe baki ba. Ƙanwarsa ma haka take a tsakar gida in an taɓo zancen fim ko na tsadar lefe. Ashe ba basira ce ta yi ƙaranci ba. Wani abu ne ke salwanta tsakanin bencin mai shayi da bencin aji, kuma a ganina kaso mafi girma na alhakin yana wuyan makaranta: ta koya wa yara gaishe-gaishen muhawara da tsayuwarta, amma da wuya ta zaunar da su ta warware musu hujja guda su ga yadda aka ƙulla ta.

Kafin a ɗora wa malamai laifi, a dubi ma'aunin da ake auna aikinsu da shi. Insha'in WAEC maki 50 ne: 10 na abin da ɗalibi ya faɗa, 10 na yadda ya tsara shi, 20 na iya sarrafa harshe, 10 kuma na tsabtar rubutu, wato nahawu da harhaɗa haruffa da alamomin tsayawa, inda kowane kuskure ke cin rabin maki. Kuskure 20 kacal, wannan kason ya tafi. Ke nan 30 cikin 50 na Turanci ne tsagwaronsa. Ba a ga laifin hukumar ba, jarrabawar harshe ta shirya. Damuwar ita ce, kusan nan ne kaɗai ake tilasta wa yaro ya tsaya a kan ra'ayi ya kare shi a rubuce. NECO tsarinta bai yi nisa da wannan ba, JAMB kuwa canki-canka ce a kwamfuta, ba a rubuta ko jimla ɗaya. Malamin da ke son yaransa su samu kiredit, wanda in babu shi babu maganar shiga Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ko kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Gwallameji, ya san inda riba take: gajerun jimloli marasa kuskure, “na farko”, “na biyu”, “daga ƙarshe”. Ko hujjar ta tsaya da ƙafafunta ko ta kife, asarar ba ta wuce 'yan maki ba.

Ranar muhawara a makaranta ma ba ta cike gurbin. An jera tebur biyu suna fuskantar juna, ɗalibai uku nan, uku can. Malamai uku sun zauna da takardar maki, wani yaro riƙe da agogo da ƙararrawa. Batun shi ne dai wanda iyayensu suka yi a zamaninsu: likita ya fi malami amfani, makarantar kwana ta fi ta jeka-ka-dawo. Mai magana na farko ya miƙe ya zubo abin da wani malami ko yayansa ya rubuta masa tun makon jiya. In ya jefo wata ƙatuwar kalmar Turanci, sai zaure ya ɗauki tafi da sowa, ko da shi kansa bai san ma'anarta ba. Mai magana na ɗaya ɓangaren ya tashi, bai ce uffan ba a kan abin da aka faɗa yanzun nan a gabansa. Ina zai ce, tunda nasa jawabin an kammala shi kafin a ji na abokin karawa? Kowa ya rufe da fatan ya gamsar da jama'a, bai rikita su ba. A ƙarshe a ba da kofi ga wanda ya fi murya da kwarjini. Yaran sun samu ƙarfin gwiwar tsayawa gaban taro, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai babu wanda ya saurari wani.

Garin da bai kamata a koya masa muhawara ba

In akwai garin da wannan hali bai dace da shi ba a Arewa, to Bauchi ne. A nan ne a 1943 aka kafa Majalisar Taɗi ta Bauchi, inda malaman makarantar Midil da ma'aikatan En'e da Turawan mulki ke haɗuwa su tattauna al'amuran ƙasa. Cikin masu faɗa a ji a wurin akwai Malam Sa'adu Zungur, wanda ya yi Kwalejin Katsina da ta Yaba, rashin lafiya ta dawo da shi gida. Akwai Malam Abubakar Tafawa Balewa, malami a Midil. Akwai kuma wani saurayi ɗan Kano da aka turo koyarwa a 1942 yana ɗan shekara 22, Malam Aminu.

Labarin da masu rubuta tarihin Malam Aminu suka fi kawowa daga wannan majalisa ya isa darasin mako guda a kowane aji. Wata rana ya tambayi Baturen da ke jagorantar zaman, da me ake ƙayyade albashin sarki. Bature ya amsa da cewa gwargwadon nauyin da ke kansa ne da yawan aikinsa. Sai Malam Aminu ya kawo sarakuna biyu da kowa a wurin ya sani, ya nuna cewa wanda nauyinsa ya fi yawa ba shi ne ya fi albashi ba. Ba a daɗe ba aka rufe majalisar. A lura da abin da ya yi. Bai zagi kowa ba, bai ma faɗi ra'ayinsa ba. Ya sa abokin magana ya furta ƙa'ida da bakinsa, ya bari ya tsaya a kanta, sannan ya ajiye masa misali ɗaya da ƙa'idar ta kasa ɗauka. Ba babbar kalma, ba ɗaga murya.

Mutanen uku kuwa kowa da salonsa, abin da ya sa suka dace da nazarin kwatance. Balewa mai sanyin hali ne, mai ginin magana a hankali; amma a watan Agusta 1950, a Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna, shi ne ya miƙe ya nemi a kafa kwamitin da zai sake duba tsarin mulkin En'e baki ɗaya, yana kukan cewa talaka ba shi da ta cewa a sha'anin da ya shafe shi. A lokacin, faɗin haka sai mai ƙarfin zuciya. Zungur kuma waƙa ya mayar fagen hujja. “Arewa Jumhuriya ko Mulukiya” muhawara ce sukutum: an aza tambaya, an auna ɓangarori biyu, an kawo abin da ya sami sarakunan Indiya don jan kunne, an gaya wa sarakunan Arewa su gyara in suna son sarauta ta ɗore. Ya rasu a 1958, a yau jami'ar jihar sunansa take ɗauke da shi. Ana kwasar yara a mota a kai su kabarin Balewa su ga kayan da ya bari, su ji an ce masa mai muryar zinare. Nawa ne cikinsu aka taɓa miƙa wa shafi ɗaya na jawabin da ya yi a Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 7 ga Oktoba 1960, aka ce su nemo da wa yake magana, me yake so a yarda da shi, kuma me ya zaɓi ya yi shiru a kai?

Tushen ma ya girmi zuwan Bature. Almajirin da ya yi nisa a karatun zaure yakan kai ga balaga da rassanta uku, ma'ani da bayani da badi'i, ya kuma taɓa manɗiƙi, ilimin gane ingantacciyar hujja daga gurguwa. Kuma ga wasiƙun da suka gudana tsakanin Shehu Muhammadu al-Kanemi na Borno da shugabannin jihadin Sakkwato. Al-Kanemi ya ƙalubalanci halascin yaƙar Borno, yana cewa saɓo daban, kafirci daban, kuma irin laifuffukan da ake zargin mutanensa da su ana samun su a wasu ƙasashen Musulmi ba a kafirta su ba. Muhammadu Bello ya mayar da martani, amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri ya kawo maganar abokin hamayyar tasa da ƙarfinta kafin ya amsa. Shi ya sa har yau muke iya karanta ɓangarorin biyu mu auna. Wannan ɗabi'a, ta kawo hujjar wanda kake musu da shi yadda shi ma zai yarda ka yi masa adalci, ita ce ta fi ƙaranci a rubutun ɗalibanmu, kuma ita ce ta fi ƙaranci a shafukan Facebook na iyayensu.

A fara da warwara kafin saƙa

A wasu ƙasashe wannan fanni darasi ne mai zaman kansa. Yawancin ɗaliban Faransa ba sa gama sakandare sai sun zauna awa huɗu suna rubutu a kan tambayar falsafa guda. A Amurka akwai jarrabawar da ake ba yaro jawabin wani a ce ya bayyana dabarun da mai jawabin ya bi don shawo kan masu sauraro, ba wai ya yarda da shi ko bai yarda ba. Duk suna komawa ga abin da Aristotul ya tsara fiye da shekara 2,300 da suka wuce, wanda malaman Musulunci irin su Ibn Rushdi suka yi wa sharhi: mai magana yana jan mutane ne ta hanya uku, ko ta amincin da ake gani a tare da shi, ko ta taɓa zuciya, ko ta hujjar hankali.

Ba sai an je ƙasar Aristotul ba kafin a ga ukun nan. A tsaya minti goma kusa da motar mai maganin gargajiya a kasuwar Muda Lawal, lasifika na tashi. Zai fara da cewa gado ya yi, kakansa ma wannan sana'a ya yi, ya yi yawo har Kamaru da Nijar: yana gina aminci ke nan. Sai ya shiga zayyana alamomin ciwo, kasala, ciwon baya, jiri in ka miƙe, abin da kusan duk wanda ya haura 40 zai ji kamar da shi ake. Ya faɗi inda abin ke kai mutum in an yi sakaci: ya taɓa tsoro. Daga nan ya kira wani daga cikin taro ya ba da shaida, ya ce in bai yi aiki ba a dawo a karɓi kuɗi: wannan ya yi kama da hujja, amma wa ya san mai shaidar, kuma ina motar za ta kasance jibi? Ɗalibin da aka tura ya saurari wannan, ya dawo ya rarrabe wa aji kashi ukun, ya yi nazarin balaga na gaske. Gobe a ɗauko masa muryar sojan baka daga rediyo, jibi saƙon WhatsApp mai cewa a tura wa mutum goma. Kayan aikin ba su cin ko sisi.

Sai an saba da warware na wasu sannan a zo ga nasu. A ce Malama ta ba da batun hana acaɓa a cikin gari, batun da ba baƙo ba ne a Bauchi, wani ɗalibi ya rubuta: “Ya kamata a hana acaɓa domin Kano ma ta hana, kuma kowa ya san 'yan acaɓa ba su da hankali.” A tsarin da aka saba, za ta duba haruffa ta ba shi maki. A tsarin da nake nufi, sai ta kwafe jimlar a allo.

“Me kake so mu yarda da shi?”

“A hana acaɓa, Malama.”

“Madalla. Me ka dogara da shi?”

“Kano ta hana.”

“Yaushe? Kuma don me?”

Nan ake yin shiru. In an bincika za a tarar Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur ne a watan Janairu 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, lokacin da 'yan bindiga ke amfani da babura. Dalilin tsaro ne. To sai yaron ya nuna cewa halin da Bauchi ke ciki ya yi daidai da wancan, in ba haka ba misalin nasa bai ɗaure da da'awarsa ba. Wannan ɓoyayyen mahaɗi tsakanin da'awa da abin dogaro shi ne masanin nan na Ingila, Stephen Toulmin, ya ja hankali a kai a littafinsa na 1958, kuma a nan ne yawancin hujjoji ke tsinkewa ba tare da mai su ya sani ba. Rabin jimlar na biyu kuwa ba hujja ba ce, zagi ne, kuma a ajin nan da wuya a rasa wanda da kuɗin acaɓa mahaifinsa ko yayansa ke biya masa makaranta. Malama ba sai ta yi faɗa ba. Ta ce wa yaron ya juya ya maimaita jimlar yana kallon abokin zamansa, shi da kansa zai ji nauyinta.

Daga nan aiki ya fara. Ina zai samu adadin haɗurra, wurin jami'an kiyaye haɗurra ko sashen gaggawa na asibiti? Matar da ke can cikin lungu a Jahun, inda keke mai ƙafa uku ba ya shiga, in naƙuda ta kama ta da dare yaya za a yi? Waɗanda za a raba da sana'a, ina za su? Sau da yawa yaron da ya bi wannan hanya yakan dawo da da'awa mafi ƙanƙanta amma mai tsayuwa: a yi wa masu babur rajista, a hana goyon mutum biyu, a keɓe wasu manyan tituna. Wani ma ya sauya sheƙa gaba ɗaya. A gasar muhawara sauya sheƙa faɗuwa ce, a wannan ajin kuwa shi ya kamata a fi ba wa maki.

Abin da ke tare hanya

Faɗa da baki ba wuya. Ɗauki malamin da ke da aji huɗu, kowanne da yara 70. Insha'i ɗaya ya zama takarda 280; in ya ba kowace minti biyar, ya haura awa 23 yana duba aikin mako guda, ga albashin da bai kai ƙarshen wata ba, ga wata sana'ar da yake yi da yamma. Shi ya sa ake yin zango guda ba a rubuta insha'i fiye da ɗaya ko biyu ba. Mafita ɗaya da ba ta buƙatar kasafin kuɗi ita ce a rage tsawo a ƙara yawa: sakin layi guda, jimla biyar, a musanya takardu, kowa ya ja layi a ƙarƙashin da'awar maƙwabcinsa, ya zagaye abin dogaronsa, ya rubuta tambaya ɗaya da ba a amsa ba. Malam ya ɗauki biyar kawai ya tattauna a allo. Tun bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 ma aikin gida ya rage daraja, domin duk mai wayar hannu zai iya kawo shafi biyu masu santsi da bai san abin da ke ciki ba. Abin da aka rubuta a aji, aka kuma kare da baki a gaban abokai, shi ne ba a iya arowa.

Akwai kuma tarbiyya, wadda ba a cika son taɓawa ba. Yaron da ya ce wa babba “mene ne hujjarka?” sunansa mai tsaurin ido, in yarinya ce abin ya fi muni, har a fara yi mata tsoron gidan miji. Ba na cikin masu cewa a yar da kunya. Hausa tana da hanyoyinta na saɓa wa na gaba ba tare da an zubar masa da girma ba: “Allah gafarta Malam, ba musu nake ba, neman fahimta nake”, “Ranka ya daɗe, a gyara mini in na kauce”. Almajiran fiƙihu sun daɗe suna tambayar malamansu inda aka samo hukunci, sama ba ta faɗo ba. Sanin wanda kake magana da shi da zaɓar lafazin da zai bari ya saurare ka, ai shi ma babi ne na balaga, koyar da shi ake yi.

Babban cikas dai shi ne harshe. Muna neman yaro ya koyi tunani mai tsari da baƙon harshe a lokaci guda, in ya kasa mu rasa gane wanne ne ya kayar da shi. Bauchi gari ne na harsuna da yawa, akwai Gerawa da Jarawa da Sayawa da Fulani da waɗanda suka zo daga kudu, amma Hausa ce ke haɗa yaransu a filin ƙwallo da kasuwa, da ita suke gardama. Manhajar Hausa ta sakandare kuma tana da insha'i, har da na muhawara. Me zai hana malamin Hausa da na Turanci su ɗauki batu ɗaya a mako ɗaya? Litinin a fafata da baki da Hausa, Laraba a tsara da'awa da abin dogaro da martanin abokin hamayya a takarda, Juma'a a zuba shi cikin Turanci, lokacin da yaro ya riga ya san abin da yake son faɗa, sauran neman kalmomi kawai. Wannan ba ya buƙatar izini daga Abuja, shugaban makaranta da mai tsara jadawali sun isa. Sai dai kafin nan akwai dokar da za a fara sokewa, domin a makarantu da dama na garin har yanzu monita na rubuta sunan duk wanda aka ji yana “banakula” a aji, a ci shi tara ko a ba shi shara.